Layin fensir da murfin kwalba: baje kolin El Anatsui da hanyar da ta biyo ta Zariya

A watan Maris na 2019, duk wanda ya bi ta gaban gidan baje kolin Haus der Kunst da ke birnin Munich na ƙasar Jamus sai ya tsaya ya ɗaga kai. An lulluɓe fuskar ginin, tsawon fiye da mita ɗari, da dubban farantan ƙarfe irin waɗanda ake buga jarida da su. An lanƙwasa su, an haɗa bakin wannan da na wancan, suna ɗaukar ido duk lokacin da rana ta leƙo.

Da shiga ciki kuma sai babban zaure, inda aka rataya labulaye masu yawa daga sama har ƙasa. Ba na yadi ba ne. Zobban murafan kwalba ne aka saƙa da siririyar wayar jan ƙarfe, har ana hango mutum ta cikin ƙofofin saƙar. Mai kallo yana bi lungu-lungu tsakanin labulayen, ya ɓace wa abokin tafiyarsa, can kuma su sake yin kiciɓis.

A wasu ɗakunan abin ya sha bamban. Takardu ne ɗauke da zanen hannu na fensir da tawada, wasu ba su wuce faɗin littafin rubutu ba. Layuka ne miƙaƙƙu da masu lanƙwasa, da ƙananan alamomi a jere. Sai mutum ya matso har ya kusa taɓa gilashi kafin ya ga abin da ke ciki.

Mutum ɗaya ne ke bayan manyan da ƙananan: El Anatsui, haifaffen Ghana, wanda ya koyar a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka daga 1975 zuwa 2011. An raɗa wa baje kolin suna Triumphant Scale, kuma ya tattaro aikinsa na kimanin shekara hamsin.

Irin wannan tsari, na ajiye zanen takarda kusa da sassaƙar da aka harhaɗa daga ƙarfe da itace da yumɓu da tarkace, ya zama ruwan dare a gidajen baje koli cikin shekaru ashirin da suka wuce, daga Landan zuwa Legas. Masu fasahar Afirka na cikin waɗanda ke gaba a wannan tafiya. Abin da ya dace mu tambaya shi ne yadda aka yi aka zo nan, da kuma wanda ke cin moriyar abin.

Me ya sa ake haɗa su a gida ɗaya?

A da, an ɗauki zanen fensir a matsayin share fage kawai. Mai sassaƙa ya zana abin da yake son yi, in ya gama aikin ya jefa takardar a durowa. Masu tsara baje koli na yanzu sun daina kallon abin haka. A wurinsu, takarda ce ke nuna tunanin mai fasaha tun yana ɗanye, kafin a kawo ma'aikata da injina da kuɗi.

Akwai kuma abin da haɗin yake yi wa jikin mai kallo. Babban aiki yana sa ka ja da baya, ka ɗaga wuya. Ƙaramin zane yana sa ka sunkuya, ka rage numfashi. Wanda ya yi ta kai da kawowa tsakanin biyun yakan fara ganin abin da bai gani ba da farko: layin da ke kan takarda shi ne ya koma tsaga a jikin katako, shi ne kuma ya koma ɗinkin waya a jikin ƙarfe.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Zanen Anatsui ba taswirar manyan ayyukansa na ƙarfe ba ne. Yadda yake aiki shi ne, mataimakansa su ɗinka ƙananan ɓangarori, a shimfiɗa su a ƙasan ɗakin aiki, shi kuma ya yi ta matsar da wannan, ya sauya wancan, har sai idonsa ya gamsu. Wato zane yake yi a ƙasa, da ƙarfe a madadin tawada. Wannan ne ya sa ajiye takardunsa kusa da labulayen ƙarfen yake da ma'ana, domin ido ɗaya ne ya tsara su.

Silar ta biyo ta Zariya

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Kano ko Damagaram da abin da aka rataya a Jamus. Akwai ruwansa, domin tushen wannan makaranta ta zane yana Zariya.

A 1958, wasu ɗalibai a sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu galibi Turawan Ingila ne, kuma abin da ake koya musu shi ne zane yadda ake yin sa a makarantun Landan. Ɗaliban ba su ƙi koyon dabarun ba. Abin da suka ƙi shi ne a ce fasahar iyayensu ba ta da gurbi a aji. Suka ce kowa ya koma ya binciko hikimar garinsu, ya haɗa ta da abin da ya koya a makaranta. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya.

Uche Okeke, wanda ya yi karatun firamare a Kafanchan, ya koma wurin mahaifiyarsa ya nemi sanin uli. Uli zane ne da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kusan yadda matanmu ke zanen lalle, sai dai nasu siraran layuka ne da ake barin fili mai yawa a tsakaninsu. Okeke ya ɗauko wannan layi ya kawo shi kan takarda da alƙalami da tawada. A farkon shekarun 1960 ya zauna a Munich ɗin nan yana koyon aikin gilashi mai launi, kuma ya yi jerin zane-zane a can.

Bayan yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a 1970, Okeke ya karɓi ragamar sashen zane a Nsukka. Ya mayar da zanen hannu ginshiƙin karatu, ya tura ɗalibai ƙauyuka su zauna da tsofaffin mata masu uli. Obiora Udechukwu na cikin waɗanda suka fi shahara a wannan layi. Cikin wannan yanayi ne Anatsui ya sauka a 1975, yana ɗan shekara talatin da ɗaya.

Bai zo hannu rabbana ba. An haife shi a 1944 a Anyako, a yankin Volta, ya yi karatu a kwalejin zane ta jami'ar Kumasi, ya kuma koyar a Winneba. Tun a can yake sayen akusan katako da mata ke kasa kaya a kai a kasuwa, ya sa ƙarfe a wuta ya ƙona musu alamomin adinkra na mutanen Akan. A Nsukka ya ƙara da uli da kuma nsibidi, tsohon rubutun alamomi na yankin Kuros Riba. Ya yi shekaru yana aikin yumɓu, yana gina tukwane fasassu da gangan, har ya yi wani aiki a 1977 da ya ɗauko siffarsa daga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka tono a kudancin Kaduna.

A 1980, lokacin wani zama da ya yi a Amurka, ya fara amfani da zarton inji. Ya riƙa jera filayen katako, ya tsaga su da zarto, ya bi tsagar da wuta har ta yi baƙi. Shi da kansa ya danganta kaifin zarton da yadda Turawa suka yayyanka Afirka a taron Berlin na 1884 zuwa 1885. Duk wanda ya tsaya gaban waɗannan katakai zai ga rubutu ne da zane, sai dai alƙalamin yana da haƙora.

Buhun da aka tsinta a daji

Wajen ƙarshen shekarun 1990, Anatsui ya ci karo da buhun murafan kwalba da aka yar a daji kusa da Nsukka. Ya kai shi ɗakin aikinsa, buhun ya yi watanni a ajiye. Daga baya ya fara yanka murafan, ya buɗe su, ya daddale su, ya huda gefensu, ya ɗaure su da waya.

Yana da kyau a dubi murfi guda ɗaya da kyau. Alminiyum ne mai laushi. Yana da kai mai zagaye, da jiki wanda idan aka tsaga shi aka miƙe yake zama ɗan dogon falle, da kuma siririn zobe da ke saura a wuyan kwalba bayan an murɗe. Kowanne da aikinsa. Fallen yana ba da fili mai santsi, ja ko baƙi ko ruwan zinariya a waje, fari sol a ciki. Kan yana ba da ɗigo. Zoben kuma shi ke ba da saƙa mai shara-shara irin ta babban zauren Munich. Ana iya naɗe falle, a murɗa shi, a tattaƙe shi, kowane salo da irin hasken da yake mayarwa. Aiki guda yana cin murafai dubbai masu yawa, kuma kowanne sai an huda shi an ɗaure da hannu.

Ba murafan kwalba kaɗai ya yi aiki da su ba. Ya yi amfani da murafan gwangwanin madarar Peak, da tsofaffin magogin rogo masu tsatsa, waɗanda ya gina katanga da su. Abin da ya daɗe yana gaya wa ɗalibansa shi ne su yi aiki da abin da muhallinsu ya samar, maimakon jiran fenti da kayan aikin da sai an yi odarsu daga waje da tsada. Nnenna Okore, wadda ta yi karatu a hannunsa kuma take koyarwa a Chicago, ta bi wannan hanya da algarara da igiya da tsofaffin jaridu.

Duniya ta farga da Anatsui sosai a 2007, a babban baje kolin Venice na Italiya, inda ya lulluɓe fuskar wani tsohon katafaren gida da mayafin ƙarfe. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya ta Venice saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa.

Gidan da aka gina don wariya

Wurin da aka yi baje kolin na 2019 yana da nasa tarihin. An buɗe ginin a 1937 a zamanin Hitila, domin nuna abin da gwamnatinsa ta kira tsantsar fasahar Jamusawa. A shekarar ce kuma, ba nisa da wurin, aka shirya wani baje kolin don tozarta masu fasahar zamani, kuma ɗaya daga cikin laifuffukan da aka ɗora musu shi ne koyi da fasahar baƙar fata.

Bayan shekaru tamanin da 'yan kai, sai ga ɗan Afirka ya cika ginin ciki da waje. Mutum biyu suka tsara baje kolin, dukansu 'yan Najeriya. Na farko Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, wanda ya shugabanci gidan daga 2011 zuwa 2018, ya kuma jagoranci baje kolin Venice na 2015. Na biyu Chika Okeke-Agulu, farfesa a Jami'ar Princeton, wanda ya yi karatu a Nsukka. Enwezor yana fama da ciwon daji aka kammala shirin, kuma ya rasu ranar 15 ga Maris, mako guda bayan buɗewa, yana da shekara 55.

Daga Munich kayan suka wuce gidan baje kolin Mathaf da ke Doha, sannan Bern ta ƙasar Suwizalan a 2020, inda annobar korona ta katse shi na wani lokaci.

Kasuwa ta buɗe, kaya sun tsallaka teku

Ba za a fahimci yawaitar irin wannan baje koli ba sai an duba kuɗi. A 2013 aka fara kasuwar fasahar Afirka ta 1-54 a Landan. A 2016 Tokini Peterside ta kafa Art X a Legas. A 2017 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya fara keɓe rana ta musamman don fasahar Afirka ta zamani, a shekarar ce kuma aka buɗe gidan baje kolin Zeitz a Cape Town. An sha sayar da aikin Anatsui guda a kan sama da dala miliyan ɗaya.

Ga mai gidan baje koli, haɗa zane da sassaƙa yana da riba ta fili. Babban aiki shi ke jawo jama'a da 'yan jarida, amma manyan gidajen tarihi da hamshaƙan attajirai kaɗai ke iya sayensa. Zanen takarda kuwa yana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, mai matsakaicin ƙarfi zai iya saya ya rataya a falo.

Wasu masu fasaha da dama sun samu shiga ta wannan ƙofa. Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin yana aiki da jarkokin da 'yan fasa-ƙwaurin fetur ke ɗauka a kan iyakar Najeriya. Gonçalo Mabunda na Mozambik yana ƙera kujerun mulki da ɓaraguzan bindigogin yaƙin basasar ƙasarsu. Olu Amoda a Legas yana walda da ƙusoshi da tsofaffin ƙarafa. A ɓangaren zanen hannu, Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo a Omdurman, ya samu babban baje koli a Tate Modern ta Landan a 2013. Lokacin da aka tsare shi a kurkukun Kober a 1975, a kan guntayen takardar buhun siminti yake zane, ya binne su a ƙasa don kada masu gadi su gani.

Illar wannan kasuwa ita ce kayan suna bin kuɗi. Murafan an tsince su a Najeriya, matasan Najeriya ne suka ɗinka su, amma mafi yawan manyan ayyukan suna Landan da New York da sauran biranen da sai da biza ake zuwa. Baje kolin na 2019 ya zagaya nahiyoyi biyu, bai taka Afirka ba. An yi ƙoƙari a gida, kamar wanda marigayiya Bisi Silva ta shirya a cibiyarta da ke Yaba a Legas a 2014 don cikar Anatsui shekara saba'in, inda aka nuna takardunsa da littattafan zanensa. Amma irin wannan bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ake yi a waje. Wannan abin takaici ne, kuma laifin ba na mai fasahar kaɗai ba ne. Babban aiki yana buƙatar babban zaure, da inshora, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da ma'aikatan da suka san yadda ake kula da takarda don kada danshi da gara su cinye ta.

Masu yabo da masu ƙorafi

Masu yabo suna cewa Anatsui ya rushe katangar da ke tsakanin zane da saƙa da sassaƙa. Suna kuma jinjina wa wata ɗabi'arsa: ba ya aika umarnin yadda za a rataya aikinsa. Masu gidan baje koli su za su naɗe shi, su yi masa tattara inda suka ga dama, don haka aiki guda ba ya fitowa iri ɗaya a wuri biyu.

Masu ƙorafi kuma suna da abin faɗa. Na farko shi ne batun mataimaka. Matasa da dama ne ke zaune suna huda da ɗauri daga safe zuwa yamma, amma suna guda ne ke kan bango. Masu kare shi suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma haka manyan magina da maƙera suke aiki tun fil azal, da maigida da yaransa. Gaskiya ne. Sai dai tambayar nawa ne ke komawa hannun yaran daga cikin miliyoyin tambaya ce mai kyau, kuma ta shafi duk wani babban mai fasaha a duniya.

Ƙorafi na biyu a kan masu kallo yake. Turawa da yawa suna taƙaita aikin a kan abu biyu: ko su ce yadin kente ne na ƙarfe, ko su ce darasi ne na tsabtace muhalli. Mahaifin Anatsui masaƙi ne, wannan haka yake. Amma Anatsui ya sha nuna cewa ba kwashe shara yake yi ba, sauya wa abu rayuwa yake yi. Takardun da aka ajiye a Munich sun taimaka a nan, domin sun nuna mutumin da ya shafe shekaru yana nazarin layi da alama kafin ya taɓa murfin kwalba.

Na uku shi ne kwaikwayo. Da kasuwa ta nuna tana son tarkace, matasa da yawa suka rungumi tarkace, wasu ba tare da sun iya riƙe fensir ba. Tara gwangwani a manna da gam ba shi ne fasaha ba. Wanda idonsa bai horu a kan takarda ba, da wuya ya san inda ja zai tsaya baƙi ya fara.

Batun gumaka da kwalbar giya

Akwai tambayoyi biyu da mai karatu Musulmi zai yi, kuma bai kamata a kauce musu ba.

Ta farko ita ce ta sassaƙa. Hadisai ingantattu sun yi kashedi mai tsanani a kan surantar abu mai rai, kuma malamai sun fi tsanantawa a kan mutum-mutumi mai jiki. Wannan na cikin dalilan da ke sa iyaye da yawa a ƙasar Hausa ba sa son 'ya'yansu su karanta wannan fanni. Amma a cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da zane yake ci, aka nuna masa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Cikin tsofaffin ayyukan Anatsui na itace da yumɓu akwai masu siffar mutane. Mafi yawan labulayen ƙarfen kuwa ba su da fuska ko gaɓa, launi ne da layi da haske. Hukunci na malamai ne, amma ya dace a san cewa ba duk abin da ake kira sassaƙa a yau ne gunki ba.

Kuma wannan fanni na zane marar siffa ba baƙonmu ba ne. Zayyanar allon sauka, da dagi a bangon soro a Zariya da Kano da Damagaram, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, duk layi ne da tsari. Ita rigar ma sai mai zane ya fara zana ta a kan yadi kafin mai allura ya bi sawunsa. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan tun 1976.

Tambaya ta biyu ita ce ta murafan, domin na kwalaben barasa ne, sunayen kamfanonin ma suna nan a jikinsu. Akwai wanda wannan kaɗai zai sa ya juya baya, kuma ana fahimtar dalilinsa. Abin da mai aikin yake nufi da su kuwa ba talla ba ne. Ya sha bayyana cewa barasa na cikin kayan farko da Turawa suka kawo gaɓar Afirka ta Yamma, an yi musayarta da mutane, mutanen aka kai su gonakin rake a tsallaken teku, daga raken aka sake yin wata barasar. Wannan tarihi ne ya ɗauko a babban aikin da ya rataya a Tate Modern daga Oktoban 2023 zuwa Afrilun 2024, gidan da ke ɗauke da sunan Henry Tate, attajirin sukari.

Abin da Tamale ta yi

Ga masu cewa irin wannan harka sai Legas ko Turai, akwai misali a arewacin Ghana. Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale a 1987, ya yi suna da ɗinke tsofaffin buhunan algarara, waɗanda aka ɗauki koko da gawayi a cikinsu, yana lulluɓe manyan gine-gine da su. Kuɗin da ya samu a waje bai tsaya a waje ba. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale, sannan ya ƙara da wani katafaren wuri mai suna Red Clay a bayan gari, inda ya kawo tsofaffin jiragen sama ya mayar da su azuzuwan yara. Tamale gari ne da Musulmi suka fi yawa, nesa da babban birnin ƙasa, kuma yaran makaranta suna zuwa kallo.

A Najeriya, mafi yawan gidajen da ke baje koli da sayar da aikin fasaha suna Legas da Abuja. Sashen da ya haifi 'yan tawayen Zariya yana nan yana yaye ɗalibai kowace shekara. Ya ga malamai irin su marigayi Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, da Farfesa Jerry Buhari. Kayan aiki kuma ba a maganarsu. 'Yan gwangwan suna tara ƙarfe da alminiyum a kowace unguwa, maƙeranmu sun daɗe suna mayar da gwangwani fitilar aci-balbal, masu narka suna zuba tukwane. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗakin da za a nuna aiki a mutunce, da mai saye.

Ɗaki irin wannan bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ko attajiri guda ba. Zaure ne mai tsabta da haske mai kyau, da ma'aikaci da ya san aikinsa, da alƙawarin buɗe ƙofa ga 'yan makaranta kyauta. A ajiye zanen ɗalibin jami'a kusa da allon mai zayyana, a sa aikin maƙeri kusa da na mai walda da ya yi digiri, a rubuta sunan kowa a ƙarƙashin aikinsa.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da mai karatu zai iya yi da kansa. Sassan koyar da zane na jami'o'i da kwalejojin ilimi sukan baje aikin ɗaliban ajin ƙarshe idan shekarar karatu ta zo ƙarshe. A tambayi ranar, a je da yara, a tsaya a yi wa ɗaliban tambayoyi. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi zane ko da guda ɗaya ne, ya biya kuɗin da aka faɗa masa.